Batirin wayata ba ya riƙe caji: tambayoyin da ake kawo min shago a Agege da amsoshinsu

Assalamu alaikum jama'a. Ni gyaran waya nake yi a Agege, kayan aiki kuma Ikeja nake shiga in saro, kuma wallahi a cikin mutanen da suke tsayawa a gaban teburina kullum masu kukan batir sun fi kowa yawa. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, wani bawan Allah ne mai sayar da albasa a Mile 12, dattijo, ya zo min da waya mai kyau wadda babu abin da ya same ta, amma a cikin shekara ɗaya sau uku ana canza masa batir, duk na banza, kuɗin da ya kashe ya ishe shi sayen mai kyau guda ɗaya har da canji. Abin ya tsaya min a rai don wayar nan da ita yake jin farashi daga Arewa, da ita direban tirela yake kiransa, da ita yake tura wa iyali kuɗin cefane. Toh ga tambayoyin kamar yadda ake yi min su.

Malam wai me yasa wayata da tana sabuwa take kwana biyu, yanzu kafin la'asar ta mutu?

Saboda batir abu ne mai ƙarewa, kamar tayar mashin. Batirin da ke cikin wayoyin yanzu na lithium ne, duk sanda ka yi caji ka sauke, sinadaran ciki suna ɗan raguwa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ana lissafa shi da zagaye: in ka cinye kashi 60 yau ka cika, gobe ka cinye 40, to ka yi zagaye ɗaya kenan, ba wai yawan sau nawa ka jona caja ake ƙirgawa ba. Kamfanin Apple da bakinsa ya ce iPhone 14 zuwa ƙasa an yi batirinsu ne ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan zagaye 500, daga iPhone 15 zuwa sama kuma zagaye 1,000, shi ma in an kula da shi yadda ya kamata.

Yanzu ka yi lissafi da kanka. Mai cinye caji ɗaya a rana zai kai 500 ɗin nan a shekara ɗaya da wata huɗu ko biyar. Amma mai POS a bakin titi, ko ɗan canji, ko yaron da ke kai saƙo a mashin da taswira a kunne tun safe, wanda sai ya cika waya sau biyu a wuni, shi wata takwas ma ya ishe shi. Batir mai 5,000 mAh (ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka kenan) in ya koma kashi 80 ya zama 4,000 kenan, wayar za ta ci gaba da nuna maka 100 in ta cika, sai dai 100 ɗin na ƙaramar randa ne yanzu. Shi yasa nake cewa mutane ba asiri aka yi wa wayarka ba, ba kuma lallai an cuce ka a wajen saye ba.

To me ya fi saurin kashe shi?

Zafi. In za ka manta duk abin da na rubuta ka riƙe wannan. Masu ƙera waya suna cewa a guje wa zafin da ya haura digiri 35, mu kuma nan Legas a watan biyu da watan uku rana kaɗai tana haura 30, balle ka ajiye waya a gaban gilashin mota a cikin go-sulo na Oshodi, ko ka ɗaure ta a kan mashin rana na dukanta sikirin a ƙure kuma ga fawa bank a jone. Mai shayi ya ajiye tasa kusa da risho, mai suya a gefen tukuba, wani kuma ya tura ta ƙarƙashin filo tana caji yana barci. Duk wannan dafa batir ne. Mafi muni a wajena shi ne a jona caji kuma ana kallon TikTok ko buga gem, zafin caji daban, zafin aikin wayar daban, sun haɗu a wuri ɗaya, ga kuma rigar roba mai kauri ta hana iska shiga. In ka ji bayan wayar ya yi zafin da ba ka son riƙe ta, cire caja, cire rigar, ajiye ta a inuwa ta huce da kanta. Kar ka saka ta a firji, raɓa za ta shiga ciki ta ɓata maka abin da ya fi batir tsada.

An ce kar a bari ta kai 100, kar kuma ta sauka ƙasa da 20. Gaskiya ne?

Akwai gaskiya a ciki. Batirin lithium ya fi jin daɗin tsakiya, zama a cike taf na awoyi yana gajiyar da shi, sauka har ya mutu ɗif kullum shi ma haka. Shi yasa sababbin Samsung da iPhone suke da wani wuri a setin da za ka kunna caji ya tsaya a 80 ko 85.

Amma ni ba zan ce wa mutumin da aka kawo masa wuta ƙarfe biyun dare kuma bai san yaushe za ta sake dawowa ba ya cire caja a 80. Wannan shawarar ta masu wutar da ba ta yankewa ce. In unguwarku tana cikin masu samun wuta sosai, ko kana da sola a shago, kunna iyakar nan za ka ga amfaninta. In kuwa kai da wuta sai an yi sa'a, cika abarka, kawai ka ajiye ta a kan tebur ko siminti inda iska ke kaɗawa, kuma ka yi ƙoƙari kar ta riƙa mutuwa gaba ɗaya.

Sabuwar waya sai an yi mata cajin awa takwas kafin a kunna?

A'a. Wannan maganar ta tsofaffin batura ce na zamanin da GSM ya shigo a 2001. Ka buɗe kwali ka yi amfani da abarka.

Cajin janareta yana lalata batir? Don ni a shagon masu caji nake bayarwa

Wannan tambayar ina son ta don yaranmu da yawa sana'arsu kenan, daga Idi-Araba har Alaba Rago, kuma ba na son a ɓata musu kasuwa a kan abin da ba haka yake ba. Wutar janareta ba kai tsaye take shiga batir ba, sai ta bi ta caja, cajar ce take sauke ta zuwa ɗan abin da waya ke sha. Caja ta ƙwarai in ka duba jikinta za ka ga an rubuta tana ɗaukar 100 zuwa 240, wato ko wuta ta ɗan yi sama ta yi ƙasa tana iya shanyewa. Matsalar tana wajen caja mai arha wadda in ka ɗaga ta kamar babu komai a ciki, ita ce take barin wuta marar kyau ta wuce, sai ka ga sikirin yana danna kansa da kansa in an jona, ko wayar ta ɗau zafi, wata rana kuma ta ƙona bakin caji ko abin da ke sarrafa cajin a kan fanel, wato allon injin da ke cikin wayar. Abu na biyu, shagon da ake jibga wayoyi hamsin a cikin akwatin katako ɗaya a rufe ga janareta na huci a gefe, zafi ne ke aiki a nan. Ka tafi da cajarka in mai shagon ya yarda, kai kuma mai shago don Allah ka bar iska ta shiga, ƙaramar fanka ma ta isa. A gida kuma in an ɗauke wuta ka zare caja daga bango, don dawowarta da ƙarfi ita ce take kashe kaya.

Caja mai saurin cikawa fa?

In ta wayar ce ko ta kamfanin da aka sani, ba komai, wayar da kanta take rage gudu in ta kusa cika, shi yasa daga 80 zuwa 100 yake jan jiki. Tana ɗan ƙara zafi kam, don haka kar ka haɗa ta da kallo.

Ya zan gane batirin ne ya mutu ba wani abu daban ba? Kar in je in kashe kuɗi a banza

Madalla, da kowa zai yi wannan tambayar kafin ya zaro kuɗi. Ba duk saurin shan caji ne laifin batir ba. In kana wurin da sabis ba shi da ƙarfi, kamar cikin rumfunan kwano a kasuwa ko ɗakin da ke can ciki, wayar tana ta ƙoƙarin kamo netwok, wannan kaɗai yana tsotse caji, balle layi biyu ne a ciki. Hasken sikirin a ƙure, hotsfot a kunne 'yan ɗaki duk sun hau, manhajoji barkatai da yara suka sauke, duk suna ci. Ka shiga setin ka taɓa wajen batir za ka ga wa ya fi sha. In ka cika ta da dare ka kashe data ka ajiye, da asuba ka ga ta sauka da kaɗan, batirin da sauransa.

Alamun da ke nuna shi ne kuwa: waya tana 30 ko 40 ta mutu farat ɗaya musamman in ka buɗe kyamara ko kira ya shigo, ko ta yi tsalle daga 60 zuwa 15, ko ta cika cikin 'yan mintoci ta kuma sauka haka, ko ba ta aiki sai a jikin caja. Mai iPhone ya duba lafiyar batir a setin, in ta sauka ƙasa da 80 lokaci ya yi. Mai Samsung yana iya gwadawa a manhajar Samsung Members. Wani lokacin kuma datti ne kawai ya cika bakin caji, a share shi shikenan, mai gyara mai tsoron Allah zai gaya maka haka ko da ba zai ci ko sisi ba.

Wayata ta fara nauyi tana maƙalewa, shi ma batir ne?

Yana iya zama. A ƙarshen 2017 Apple ya amsa cewa yana rage gudun tsofaffin iPhone in batirinsu ya raunana don kar su riƙa mutuwa, mutane suka fusata don ba a gaya musu ba, da yawa sun sayi sabuwar waya alhali batir kawai suke buƙata. Kamfanin ya sauke kuɗin canza batir daga dala 79 zuwa 29 na shekarar 2018, Faransa kuma ta ci shi tarar yuro miliyan 25 a 2020. Bayan wannan rikicin ne aka saka wurin duba lafiyar batir ɗin nan. A wayoyin Android kuwa yawanci cikar ma'ajiya ce take kawo nauyi, ka fara rage bidiyoyin WhatsApp tukuna.

Bayan wayata ya ɗago, sikirin ma ya fara rabuwa, zan iya lallaɓawa zuwa ƙarshen wata?

Don girman Allah a'a. Batirin ya kumbura, iskar gas ce ta taru a ciki, kuma wannan ba maganar kuɗi ba ce yanzu maganar gobara ce. Kar ka jona caji, kar ka danne shi da roba ko ka ɗaure da kyauro, kar ka huda shi da allura wai iskar ta fita, na ga masu yin haka kuma abin yana tayar min da hankali, batirin lithium in aka huda shi yana iya kamawa da wuta nan take. A 2016 Samsung sai da ya janye Galaxy Note 7 gaba ɗaya daga kasuwa saboda batura suna kamawa, wannan fa sabuwar waya ce daga kamfani. Ka tuna yadda muke kwana a nan, mutum biyar shida a ɗaki ɗaya, ga katifu ga kaya, wani ma da galan ɗin fetur a lungu. Kashe wayar, ajiye ta a kan siminti nesa da kaya, gari na wayewa ka kai ta. Ko ta fuskar aljihu ma jira asara ne, don in ya fasa sikirin kuɗin ya ninka.

Toh nawa ne canza batir?

Farashin yana bin dala ne, don babu batirin waya ko ɗaya a teburina da ba daga waje aka shigo da shi ba. Kafin watan Yunin 2023 dala a hukumance tana wajen naira 460, a 2024 ta haura 1,500, kaga abin da mutum ya saya kafin dala ta tashi in ya dawo da wannan farashin a kansa sai ya ga kamar mun ƙara masa ne da gangan. Don ka ga inda abin ya dosa, a Amurka Apple yana karɓar dala 99 ya canza batirin iPhone 14 ko 15, in ka buga a 1,500 ya kusa naira dubu 150. Na Tecno da Infinix da itel ba su kama ƙafar wannan ba ko kusa, kuma suna da wurin gyaransu na kamfani mai suna Carlcare, in wayarka tana cikin garanti can za ka fara zuwa kafin wani ya buɗe ta, don da an buɗe a waje garantin ya tashi.

Kuɗin da za a gaya maka kashi uku ne: kuɗin batir, kuɗin aiki, da kuɗin motar da kai ko mai gyaran zai kashe zuwa Ikeja, wanda tun da aka cire tallafin mai ba ƙaramin abu ba ne. Aikin ma ba ɗaya ba ne, wayar da bayanta roba ne da wadda bayanta gilas ne da sai an gasa gam a hankali kafin ya saki ba za a caje su daidai ba. Ka ce a raba maka su, nawa batir nawa aiki, ka tambayi shago biyu ko uku. In ɗaya ya faɗi rabin abin da sauran suka faɗa kar ka yi murna tukuna, tambaye shi wane iri ne zai saka.

Ya ake gane orijinal da jabu?

Gaskiya da ido kaɗai yana da wuya don masu buga takardar jiki sun ƙware. Akwai na kamfani, akwai na wasu kamfanonin daban masu kyau da suke sa sunansu ba sa ɓoyewa, akwai wanda aka ciro daga matacciyar waya aka sake masa riga, akwai kuma jabu tsantsa. Ni na biyun nan ba na ƙin sa in an gaya wa mai waya gaskiya. Abin da za ka duba: in girmansa ɗaya da naka amma an rubuta ƙarfin da ya ninka na asali, ƙarya ce. In ya fi tsohon naka rashin nauyi sosai, ka yi shakka. Ka duba ranar da aka ƙera shi, don batir ko a kwali yake yana tsufa. Sannan ka tsaya a yi aikin a gabanka, a ba ka tsohon a hannu, a rubuta maka rasit da garanti ko na wata ɗaya ne zuwa uku. Wanda ya san kayansa ba ya tsoron rubuta garanti. In dole ka bar wayar, cire layi da katin memori, ka rufe manhajar banki, canza batir ba ya buƙatar lambar sirrinka ta banki ko kaɗan.

Masu iPhone daga XR da XS zuwa sama, in an saka batirin da ba ta hanyar kamfani ba wayar za ta nuna saƙo cewa ba ta tantance shi ba. Tana aiki lafiya, amma ka sani tun kafin a buɗe.

Zan sayi tokumbo, wato wayar da aka yi amfani da ita a waje, an nuna min lafiyar batir 100, in yarda?

Yi hattara Alhaji. Waya ta shekara uku ko huɗu a hannun wani ba za ta zo da 100 ba sai dai in an canza batirin, ko kuma an yi amfani da wata 'yar na'ura an mayar da lissafin baya, lambar ta koma sabuwa batirin yana nan a tsohonsa. Wadda ta nuna 86 na gaskiya ta fi min wadda ta nuna 100 na ƙarya. Ka zauna a shagon ka kunna kyamara kana ɗaukar bidiyo na minti goma, ka ga nawa ta sauke, ka ji zafin bayanta. Kuma tun wajen ciniki ka sa kuɗin sabon batir a lissafinka.

In canza batir ko in sayi sabuwar waya kawai?

In sikirin lafiya, fanel lafiya, manhajar bankinka da WhatsApp suna hawa, canza batir. A ce wayar da za ta maye gurbin taka dubu 150 ce, a ce kuma an yi maka kuɗin batir mai kyau da aiki dubu 20, ka sayi shekara ɗaya ko biyu kenan da ɗan kaɗan, sauran ya tafi jari ko gida. Inda nake cewa mutum ya haƙura shi ne in ga batir ga sikirin a fashe ga bakin caji yana wasa, ko wayar ta tsufa har manhajoji sun daina karɓarta. Abu ɗaya da za ka sani, wayar da aka buɗe ba ta ƙara hana ruwa shiga kamar da sai an sa sabon gam da kyau, ga kuma ruwan Legas na watan shida da bakwai, ka riƙa yawo da 'yar leda.

Me yasa ma suka daina yin wadda ake cire batir da hannu kamar Nokia?

Sun ce don waya ta yi siriri kuma ta hana ruwa. Ni dai ina ganin an ɗora wa talaka nauyi, abin da da za ka saya a bakin titi ka saka da farcenka yanzu sai an biya mai gyara, kuma ina faɗin haka duk da cewa da wannan aikin nake ci. Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 da za ta fara aiki a 2027 kan cewa a riƙa yin na'urori yadda mai su zai iya canza batir, duk da an yi wasu togaciya a ciki, kuma tun watan Yunin 2025 wayar da za a sayar a can sai batirinta ya jure zagaye 800 yana riƙe da kashi 80. Ina fatan alherin abin ya iso kasuwarmu.

Fawa bank ɗina 10,000 ne amma sau ɗaya da ɗan kaɗan yake cika min waya mai 5,000, an cuce ni?

Ba lallai ba. Wajen juya wutar daga batirinsa zuwa wayarka wani kaso yana tafiya, abin da ke isa bai fi 6,000 zuwa 6,500 ba ko a mai kyau. Shi ma batir ne, yana tsufa yana kumbura. In za ka hau jirgi zuwa Kano ka riƙe shi a jakar hannu, ba a yarda a saka shi a kayan da ke shiga ƙasan jirgi ba.

Zan tafi gida noma wata uku in bar ƙaramar wayata a nan, ya zan ajiye ta?

Ka bar ta a wajen rabi, kashe ta, sa ta inda ba zafi ba laima. Kar ka bar ta a mace, don in ta daɗe a haka wani lokacin ba ta ƙara tashi.

Tsohon batirin da aka cire min ya zan yi da shi?

Kar ka jefa a kwata, kar ka jefa a bolar da ake cinna wa wuta, kar kuma ka sa a kwandon shara don motar LAWMA, hukumar kwashe shara ta Legas, matse shara take yi, batir in aka matse shi yana iya kamawa. Kar a ba yara su yi wasa da shi. 'Yan'uwanmu masu jari-bola ku ma don Allah ku daina fasa shi da guduma kuna neman ƙarfen ciki, hayaƙinsa guba ne. Bayan ka gani da idonka cewa naka ne aka cire, ka liƙe bakinsa da salatif ka mayar wa mai gyaran. Ni a cikin bokitin ƙarfe mai yashi nake tara su a bayan shago, nesa da janareta, har masu karɓar tsofaffin kayan lantarki su zo su kwasa.